Sanarwar da Na Kai wa Royce Tackett

Litinin, 22 ga Satumba, 2003

Wasiƙa ta zo. Farin ambulan mai tambarin jiha, irin wanda suke aiko min duk lokacin da suka matsar da shi daga wannan sashe zuwa wancan. Doka ce ta tilasta musu su sanar da ni duk motsinsa, ba wai ƙaunata suke yi ba. Amma wannan karon ba sashe za a sauya masa ba. Ran 21 ga Oktoba kotu za ta zauna ta duba ko za a sallami Royce Tackett daga asibitin masu tabin hankali na jiha, a mai da shi wani gida a cikin gari inda za a riƙa sa masa ido. Wai likitoci sun ce ya samu sauƙi.

Ya samu sauƙi! To sannunsa. Wendell fa, shi ma ya samu sauƙin?

A ƙasan takardar an rubuta ina da damar zuwa in bayyana ra'ayina. Za su ji ra'ayi kuwa.

Talata, 23 ga Satumba

Bari in sake rubuta shi, don kar wata rana ni ma su ce min na manta.

Ran 10 ga Mayu, 1994, Opal Tackett ta bugo wa mijina waya, hitar ruwanta na yoyo. Cocinmu ɗaya da ita a lokacin, ko kuɗin aiki Wendell bai yi niyyar karɓa ba. Ya sauka ɗakin ƙasa ya durƙusa, ya ba matakala baya. Ɗanta Royce, ƙato ɗan shekara ashirin da shida, ya sauko ya ɗauki sukundireban Wendell ɗin ya caka masa a wuya. A cewarsa wai gwamnati ce ta turo Wendell ya dasa na'urar sauraro a cikin bututu.

Ina kicin ɗin makaranta ina juya miyar yara ɗari biyu wani ɗan sanda ya shigo, hularsa a hannu. A gaban tukwane ya faɗa min. Har yau ban san wanda ya kashe murhun ba.

Sai alƙali ya ce ba shi da laifi saboda tabin hankali. Ba shi da laifi. Kalmomi huɗun nan sun fi sukundireban yi min ciwo. Gado mai laushi, abinci sau uku, talabijin, ga uwarsa duk Lahadi bayan coci ta tuƙa mota mil sittin ta kai masa soyayyar kaza. Ni kuwa furen roba nake kai wa dutsen kabari.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Bernice, abokiyar aikina, ta ce, "Ke Nadine, me dankalin nan ya yi miki? Fere shi aka ce ki yi, ba yanka ba." Na ce ta kula da nata. Can kuma bakinta ya ƙi zama. Bernice ba ta iya riƙe labari ya kwana.

Ashe Opal ta faɗi tun Agusta. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, ko kalma ɗaya ba ta fita. 'Yarta ta zo daga Arizona ta kai ta gidan tsofaffi na bayan banki, ta kafa wa gidansu allon sayarwa, ta hau jirgi ta koma. Ni ban ji ba, don tun da Opal ta ci gaba da zama a benci na uku kamar ba abin da ya faru na daina taka cocin nan.

"Abin tausayi," in ji Bernice.

Na ce Allah ya ƙara. Ta buɗe baki tana kallona. Ban janye ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na rubuta jawabina sau biyar. Misis Farrow, matar ofishin kula da waɗanda aka zalunta, ta duba ta ce in cire inda na ce ina fatan ya ruɓe da ransa. Na cire a takarda.

Talata, 21 ga Oktoba

Na gan shi.

Ya yi ƙiba, irin ƙibar magani, fuska a kumbure, kai duk furfura, hannu na rawa. Na so in ga dodon da nake gani a mafarki, sai ga wani buhun mutum cikin rigar da ta yi masa kaɗan. Hakan ma ya ƙara ɓata min rai. Wannan ne ya kashe Wendell? Wannan?

Likitarsa, wata yarinya da ba ta kai 'yar cikina ba, ta tashi tana zuba: yana shan magani, yana aiki a lambun asibiti, shekara shida bai ɗaga wa kowa murya ba. Har tumatir yake shukawa. Kai jama'a, tumatir! In ba shi kyauta ke nan?

Da aka kira ni na miƙe na karanta. Muryata ba ta yi rawa ba, na gode wa Allah. Na faɗi yadda Wendell ke busa usur da baki in zai shigo gida, na faɗi minti ashirin da ya yi yana zubar da jini a kan siminti. Magatakardar kotu har hawaye ta share. Shi kuwa gogan ko sau ɗaya bai dube ni ba. Wallahi ko sau ɗaya. Ƙofa yake ta waiwaya, duk wanda ya turo ta sai ya ɗago kamar kare ya ji motar maigidansa. Sai da na zauna na gane uwarsa yake jira.

Jira ka yi ta yi.

Alƙali ya ɗage zuwa Janairu. Misis Farrow ta raka ni mota tana cewa in shirya zuciyata, alamu sun nuna za su sake shi. Na ce mata zuciyata a shirye take tun shekara tara.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na je kabarin Wendell na share masa ganye. Kunyarsa nake ji.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ƙarfe huɗu da kwata, ko takalmi ban cire ba, waya ta yi ƙara. Na'urar sanarwa ce, muryar mace mai sanyi kamar ta masu sanar da tashin jirgi. Wannan saƙo ne game da Royce Tackett. Ba ya hannun hukuma. Ya tsere yau da ƙarfe ɗaya na rana. Idan kina cikin haɗari ki kira 'yan sanda. Danna lambarki ta sirri don tabbatar da kin ji.

Na ajiye ban danna ba. Haka na'urar take, in ba ka danna ba duk rabin awa sai ta sake kira. Na bar ta ta kira sau huɗu, don kawai in sake jin "ba ya hannun hukuma". Ban san abin da ke min daɗi a ciki ba sai a na uku. Shekara tara yana bayan katanga inda hannuna ba ya kaiwa. Yau yana waje.

Sannan na danna. Sifiri, biyar, ɗaya, sifiri, ranar Wendell.

Misis Farrow ta bugo da kanta tana haki. Wai wajen likitan haƙori aka kai shi, ya shiga banɗaki ya bi ta ƙofar baya. "Misis Culpepper, ki kulle ƙofofi, ki je ki kwana wajen wata ƙawa." Na ce shi ya kamata ku gaya wa ya kulle ƙofa. Ta yi 'yar dariya, ta zaci wasa nake.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

'Yan sanda sun leƙa gidan Opal jiya da yau da safe, ba kowa, sun juya sun tafi tashar bas. Wawaye. Mutumin da ba shi da ko kwabo a aljihu me zai yi a tashar bas? Da ƙafa zai taho, layin dogo zai biyo, ga ƙiba ga magani. Mil sittin. Na lissafa, Asabar zai iso.

Na sauko da bindigar farautar Wendell daga saman kabad. Na goge ta, na sa mata mai yadda yake yi, a kan jarida, a teburin cin abinci.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Gobe ake buɗe farautar barewa. Rabin yaran makaranta ma yau ba su zo ba, iyaye sun kwashe su zuwa daji. Daga gobe duk a-kori-kurar da ke gundumar nan da bindiga a bayan kujera, duk kan da ka gani da hular mafarauta ruwan lemu, maza da mata, har fastoci. Harbi zai yi ta tashi tun safe, ba mai waiwayawa. Ban zaɓi ranar ba, shi ya zaɓa.

Na sayi harsashi da takardar izinin farauta. Mai shagon ya ce, "A'a, Nadine! Yau ke ce da kanki? Da Wendell na nan da ya yi alfahari." Na ce ina fata.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan.

Ƙarfe bakwai na ajiye mota a ƙarƙashin itacen da ke kallon gidan Opal. Hular Wendell ruwan lemu a kaina, tabarau, mayafin sanyi har hanci. Gidan shiru, labule babu, allon sayarwa ya karkace. Daga duwatsu ana ta harbi, tau, tau. Na sha kofi, na ci biskit, na jira.

Wajen goma da rabi ya ɓullo ta bayan gida, ta wajen layin dogo, daidai yadda na ce. Yana ɗingishi. 'Yar rigar sanyi marar kauri, wando duk ƙaya. Ya ɗaga tukunyar fure yana neman makulli, babu. Ya ƙwanƙwasa. Ya leƙa taga ya ga ɗaki wayam. Ya ce, "Mama?" Ya zagaya baya ya dawo, ya sake cewa, "Mama?" Sai ya zauna a matakalar baranda ya cire takalmi. Safar ta manne da jini.

Na sauke gilashi na ɗora bakin bindigar a kan taga. Taku arba'in ne, ko makaho ba zai kuskure ba. Na sa shi a tsakiya, daidai aljihun ƙirji. Yatsana na kan kunamar bindigar. Abin da ya zo min ba tausayi ba ne, kar in yi wa kaina ƙarya. Gani na yi abin ya yi masa sauƙi. Daƙiƙa ɗaya ya huta, ni in ƙarasa kwanana a kurkuku. Shi ke nan? Shekara tarata a daƙiƙa ɗaya?

Ina cikin haka ya ɗago ya hango motar. Na janye bindigar na kwantar da ita a kujera. Ya taso ba takalmi, ya tsallako titi, ya tsaya nesa kaɗan da taga, hannu a haɗe, da ladabinsa.

"Baiwar Allah, don Allah, matar gidan nan, Misis Tackett. Ko kin san inda ta koma?"

Bai gane ni ba. Ta ina zai gane ni, mutumin da na yi minti goma ina magana a gabansa yana kallon ƙofa? Nan take na ji abin ya faɗo min a baki, kamar dama can a shirye yake.

Na ce, "Opal? Ai Opal ta mutu. Tun Agusta. Ba su gaya maka ba?"

Ya ce, "Cewa suka yi ba ta da lafiya."

Na ce, "To me kake so su ce? Ai mutanen can ba za su taɓa faɗa maka gaskiya ba. An binne ta tuni, da ni aka yi jana'izar. Ita kaɗai ta mutu a ƙasan kicin, kwana biyu kafin a gano ta. An ce ɗanta take ta kira."

Ban san inda na samo na kicin ɗin ba. Ya fito ne kawai.

Bai yi ihu ba. Ya zauna daɓas a tsakiyar kwalta, ya buɗe baki, wani sauti ya riƙa fita, siriri, ba ya yankewa. Na san sautin nan. Na taɓa yin sa a gaban tukwane.

Na ta da mota na kewaye shi na wuce. A gidan mai na jefa kwabo a wayar bakin titi na gaya wa 'yan sanda inda yake, ban faɗi suna ba. Na dawo gida na soya ƙwai uku da nama, na cinye tas.

Wendell, na kai masa tasa sanarwar. Ba ambulan, ba tambari, baki da baki, yadda aka kawo min taka.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na'ura ta kira, ya koma hannun hukuma. Na yi barci har tara. Rabona da haka na manta.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Misis Farrow ta ce maganar sallama ta mutu, lauyansa ya janye buƙatar, shekaru kafin a sake ta da ita. "Kin samu abin da kike so," in ji ta. Na ce kaɗan daga ciki.

A kicin har waƙa na yi. Bernice ta ce ko saurayi na yi.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Bernice da labarin cocinsu. Jiya Fasto Ledbetter ya roƙi a yi wa Royce Tackett addu'a. Tun da aka mai da shi bai sa komai a bakinsa ba, kwana tara ke nan. Wai cewa yake uwarsa ta mutu a ƙasan kicin kuma an ɓoye masa, wata mata mai hula ruwan lemu ce kaɗai ta gaya masa gaskiya. Likitoci sun ce ba wata mata, ciwon ne ya dawo, sun ninka masa magani. Sun haɗa shi da gidan tsofaffin a waya, aka kara wa Opal a baki, ba abin da ya fito sai numfashi, ya ce wasa suke masa da hankali. Fasto ya tuƙa har can ya rantse masa ya gan ta da idonsa ran Juma'a. Royce ya ce shi ma Faston sun saye shi.

"Mata mai hular lemu," in ji Bernice, tana girgiza kai. "Ran buɗe farauta! Ai sai a kama rabin gari, har da ni."

Na yi dariya. Ta fito daidai, ina jin.

Wato duk duniya ni kaɗai ya yarda da ita. Ni! Yunwa ta ci shi. Wendell ma rabonsa da abinci shekara tara.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Bikin Ranar Godiya na shekara-shekara, a gidan Bernice. Talotalon ya bushe. Ban ci da yawa ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Sautin nan. Ina wanke kwano sai in ji shi a cikin famfo. Na kira mai gyara ya duba, ya ce bututun lafiya lau.

Litinin, 1 ga Disamba

Sun ɗaure shi a gado sun sa masa robar abinci ta hanci, ya fizge sau biyu. Bernice ta ce Fasto ya ce ƙodarsa ta fara taɓuwa. Kuma wata sarkin surutu a cikin matan coci ta je ta zauna a gaban Opal ta kwashe komai ta gaya mata, don ta zaci ba ta fahimta. Ashe tana fahimta sarai. Tun ranar take kuka da ido ɗaya, ɗayan ba ya motsi.

Ina ruwana. Ni na ce ta haifi mahaukaci? Ni na ce ta kira mijina alhali ta san abin da ke ɗakinta ya daina shan magani?

In ya mutu na'urar za ta kira ni. Doka ta ce har mutuwa sai sun sanar. Yau sau biyu waya ta yi ƙara, sau biyu na tsaya ina kallonta. Masu tallar inshora ne.

Talata, 2 ga Disamba

Ba na so ya mutu yana zaton zai je ya same ta. Wannan ai gata ne. Iyakar abin da ke damuna ke nan.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na ari kyamarar makaranta mai fitar da hoto nan take, na sayi jaridar yau, na je gidan tsofaffin bayan an tashi daga aiki.

Ta ƙanƙance. An zaunar da ita a keken guragu gaban taga, gashi a cukurkuɗe, bargo ya zame ƙasa. Ta gane ni tun daga ƙofa. Na ce, "Opal, ba gaisuwa na zo ba." Na ɗora mata jaridar a ƙirji yadda kwanan wata zai fito, na ciro hular daga jaka na sa, na ja mayafi har hanci, na sa tabarau, na tsuguna kusa da ita. Hotonta ita kaɗai ba zai yarda ba, sai ya ce haɗawa aka yi. Dole sai da ni a ciki.

Tana ganin hular ta gane komai. Na ga lokacin da abin ya shige ta. Ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya ta matse, farce har cikin fata. Ban sani ba ko tsine min take ko roƙona take. Na bar ta ta matse. Wata nas ta ɗauke mu hoton, ta ce, "'Yar'uwarta ce ke?" Na ce a'a.

A bayan hoton na rubuta: Ƙarya na yi maka. Tana raye. Ka ci abinci. Na tsaya, sannan na sa sunana cikakke, Nadine Culpepper, matar Wendell. Ya san wadda ta yi masa.

Na kai wa Fasto Ledbetter har gida, gobe da safe zai tafi da shi. Ya karanta, ya juya hoton, ya sake juyawa. Kafin Lahadi duk garin nan ya ji, Misis Farrow ma za ta ji, oho. Na ce masa kar ya kuskura ya hau mumbari ya ce na yafe, ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. So nake ya rayu, ya tsufa a bayan katangar nan, haƙoransa su zube a can. Ya ce, "Na ji, Nadine." Abin ya ba ni haushi.

Bindiga ta koma saman kabad. Shatin farcen bai baje ba.

Da zan fito nas ɗin ta biyo ni tana cewa tsohuwar na son a taje mata kai, su kuma aiki ya yi musu yawa, ran Lahadi ba mai zuwa wajenta. Ban ce zan zo ba. Na dai tambaye ta ƙarfe nawa suke buɗe ƙofa.